Jan Sida na Gabashin Amurka a Sana'ar Sassaƙa Baka

Jan sida na gabashin Amurka, wanda masana tsirrai ke kira Juniperus virginiana, itace ne da masu sassaƙa bakan gargajiya a Amurka suka daɗe suna yabawa suna kuma shakka. Bakan da aka yi da shi ba ya nauyi a hannu, yana cilla kibiya da sauri, ga kyan launi ga ƙamshi, sai dai ya yi ƙaurin suna wajen karyewa farat ɗaya ba tare da ya nuna wata alama ba. Abin da akasarin masu sana'ar suka tsaya a kai shi ne cewa itacen yana jure matsi ƙwarai amma ba ya jure miƙewa, saboda haka amincin bakan ya dogara ne a kan irin sandar da aka zaɓa da kuma abin da aka manna mata a baya.

Bishiyar

Masanin tsirrai Carl Linnaeus ne ya raɗa mata sunanta na kimiyya a 1753. Ba ta cikin dangin al'ul irin na Lebanon, 'yar gidan junifa ce. Tana fitowa tun daga kudu maso gabashin Kanada har gaɓar mashigin tekun Meziko, ta kuma nausa yamma zuwa filayen Nebraska da Kansas da Oklahoma da Texas. Tsayinta kan kai mita 5 zuwa 20, ba ta saurin girma, kuma an samu wasu a kan tsaunuka da suka haura shekara 700. Zuciyar itacen ja ce mai ratsin shunayya, kewaye da farin itace marar kauri a ƙarƙashin ɓawo.

A fili takan tsiro cike da rassa tun daga gindi, kowane reshe kuwa ƙulli ne a cikin katako. Tunda aka rage sakin wuta a makiyayan tsakiyar ƙasar Amurka sai ta bazu tana cinye wuraren kiwo, har makiyaya da yawa suna murna idan aka zo sare ta, wanda hakan ya sa ta zama itacen baka mafi sauƙin samu a yankuna da dama. An fi saninta da turakun shinge, da akwatunan ajiye tufafi saboda ƙamshinta na korar asu, da kuma fensir har zuwa wajajen 1940.

Halin itacen idan aka ja baka

Duk lokacin da maharbi ya ja tsirkiya, bayan baka, wato ɓangaren da ke fuskantar abin harbi, miƙewa yake yi, cikin bakan da ke fuskantar maharbi kuma matsewa yake yi. Busasshen jan sida yana da nauyin kilo kusan 530 a kowace mita kubik, alhali itacen hikori yana kai wajen 800, itacen lemun Osej (Maclura pomifera) kuma yana haura 850. A gwajin lanƙwasa katako har ya karye, jan sida bai kai rabin ƙarfin waɗannan biyun ba, kuma taurinsa bai kai rabin na hikori ba.

Wannan rashin tauri yana tilasta wa masassaƙi ya bar fikafikan bakan, wato ɓangarorin sama da ƙasa masu lanƙwasawa, da kauri ko da faɗi kafin ya samu ƙarfin jan da yake nema, kuma gwargwadon kaurin fiffike gwargwadon yadda fuskar bayansa ke miƙewa. A nan matsalar take. Itatuwa irin su hikori cikinsu ne ke fara gajiya: sai a ga ƙananan layuka sun bayyana a cikin bakan, ko ya ƙi komawa miƙe bayan an kwance tsirkiya, mai shi ya gane cewa ƙarfinsa ya fara tafiya. Zuciyar jan sida kuwa ba ta cika gajiya ba, ana matsa ta tana komawa yadda take, don haka duk wahalar sai ta taru a baya, wanda ba shi da juriyar ɗaukarta. Idan ya kai maƙura ba ya tsagewa sannu a hankali, tarwatsewa yake yi da ƙara, gutsattsarin su watsu, kuma yawanci a daidai lokacin da aka ja shi har kusa da fuska.

Wannan halin ne kuma ya sa ake sonsa, domin fiffike marar nauyi wanda ba ya gajiya ba ya ɓarnatar da ƙarfin da maharbi ya zuba masa.

Tarihi

Mutanen asali na dazuzzukan gabashin Amurka sun fi karkata ga itatuwa masu ƙarfin baya, waɗanda ake yin dogon baka da su ba tare da manna komai ba. Bakan Sudbury, wanda aka ƙwace a Massachusetts a 1660 kuma yake ajiye a gidan tarihi na Peabody a Jami'ar Harvard, na hikori ne. Kabilar Cherokee sun fi son itacen Robinia, mutanen kudancin manyan filaye kuma suna daraja lemun Osej har ana fataucinsa zuwa nesa. A wurin Cherokee jan sida bishiya ce mai alfarma, kuma a wurin kabilu da dama an fi amfani da ita wajen turare da magani da sarewa.

Shaida mafi ƙarfi a kan bakan junifa ta fito ne daga yammacin nahiyar, inda 'yan'uwan jan sida ke fitowa. Ishi, mutum na ƙarshe da aka sani daga kabilar Yahi, wanda ya bayyana kusa da Oroville a California a 1911 ya kuma rasu a 1916, da junifar tsauni yake yin bakansa. Likita Saxton Pope, wanda ya koyi harbi a wurinsa, ya bayyana cewa bakan gajere ne, tsawonsa bai wuce santimita 107 ba, fikafikansa masu faɗi, kuma Ishi yakan tauna jijiyar ƙafar barewa har ta yi laushi, sannan ya shimfiɗa ta a bayan bakan da gam ɗin da ya dafa daga fatar kifin salmon. A Nevada, binciken da Philip Wilke ya wallafa a 1988 ya nuna tsofaffin bishiyoyin junifa masu tabon da maharban dā suka bari: sukan yi sara biyu a jikin bishiya mai rai, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a gefen da ba ƙulli, su bar tsakanin ya bushe a jikinta, daga baya su ɓamɓare shi, bishiyar kuma ta ci gaba da rayuwa. Mutanen da suka fi kowa sanin wannan dangin itace ba su saba barin bayansa tsirara ba.

A farkon ƙarni na 20, lokacin da harbin baka ya farfaɗo a matsayin wasa da farauta a Amurka, an riƙa yin dogayen bakunkuna irin na Ingila da jan sidan Tennessee da aka manna wa fallen hikori. Madadi ne na itacen yu (Taxus), wanda aka yi bakunkunan jirgin yaƙin Mary Rose da shi, jirgin Ingila da ya nutse a 1545 aka tsamo shi a 1982. Itatuwan biyu sun yi kama, kowanne da jar zuciya da farin baya, amma farin itacen yu ya fi na jan sida jure miƙewa nesa ba kusa ba.

Zaɓen sanda da sassaƙa

Sanda mai kyau ana nemanta ne a cikin kurmi mai duhu, inda bishiyoyi suka yi cunkoso har rassan ƙasa suka mutu tun suna ƙanana, kuma sau da yawa gefe ɗaya kawai na gangar jikin ke fitowa ba ƙulli. Bayan an faskara ta akan shafe bakin sara da gam ko kakin zuma don kada ta tsattsage, a ajiye ta a inuwa kimanin shekara guda. Ƙaramin ƙulli ba a aske shi daidai da sauran fuskar, akan bar masa ɗan tudu da ƙarin faɗi, domin daga nan karaya kan fara.

Jijiya ita ce abin mannawa da aka fi amincewa da shi, musamman ga gajeren baka, saboda tana miƙewa fiye da kowane itace kuma idan ta bushe takan janyo bakan ya ɗan lanƙwasa baya. Ƙirgi marar kauri ko yadin lilin ba sa ƙara gudun kibiya, amma suna danne zaruruwan itace kada su tashi. Ga dogon baka, mai santimita 170 zuwa 180, akan manna siririn fallen hikori ko mapul. Daidaita lanƙwasar fikafikai yana buƙatar haƙuri, domin itacen laushi gare shi, kankara kaɗan na iya kwashe abin da ba a yi niyya ba, kuma wuri ɗaya da ya fi sauran lanƙwasawa ya isa ya hallaka bakan. Saboda laushin nan ne kuma ake lulluɓe bakin da tsirkiya ke zama da ƙaho ko itace mai tauri.

Saɓanin ra'ayi

Akwai masu yin bakan jan sida ba tare da manna komai ba, su bar farin itace a baya, kuma wasu bakunkunan sun yi shekaru suna harbi, wasu sun fashe tun ana gwaji. Ana kuma jayayya a kan manna gora a bayan bakan, inda wasu ke ganin ƙarfinta ya fi ƙarfin cikin bakan sai an sirantar da ita sosai.

Kulawa

Bushewa fiye da kima ita ce babbar abokiyar gabar wannan baka. Itacen da danshinsa ya sauka ƙasa da kimanin kashi 8 cikin 100 yakan yi gautsi, abin da ke faruwa a gidajen da ake ɗumamawa lokacin hunturu, don haka masu shi sukan nisanta shi da murhu, su kuma ja shi rabi-rabi sau da yawa kafin su cika ja.