Bashin korona fa ba a yafe shi ba

Tun da waɗanda suka ci bashin korona suka fara ganin alat na cire kuɗi ake ta yaɗa cewa wai banki na sata, wai ai gwamnati ta yafe tuntuni. Jama'a ba a yafe ba.

A 2020 kulle ya tsayar da kasuwa, ɗanyen mai ya faɗi warwas, tattalin arzikin Najeriya ya ja baya da kashi 6.1 tsakanin Afrilu da Yuni. In haka ta faru ta hanya biyu ake kawo ɗauki, gwamnati ta buɗe lalitarta ta kashe kuɗi, shi kuma babban banki, wato CBN, ya sassauta bashi, shi ya sa ma ya sauke kuɗin ruwansa daga kashi 13.5 zuwa 11.5. Survival Fund da aka ba teloli da masu aski naira dubu 30 kowannensu na gwamnati ne, tallafi ne, babu biya. Amma kuɗin da ya biyo ta NIRSAL Microfinance Bank na CBN ne, biliyan 50 aka fara warewa, rance ne da ruwa kashi 5 da farko. To nan aka cakuɗa su.

Cirewar da ake gani kuwa GSI ce, ƙa'idar CBN da ta fara aiki 1 ga Agusta 2020. In ka sa hannu a kanta lokacin karɓar bashi kuma wa'adi ya wuce ba ka biya ba, mai binka zai iya bin BVN ɗinka ya ɗebi kuɗinsa a duk bankin da ka ajiye, har asusun haɗin gwiwa, don haka canza banki ba dabara ba ce. Sai dai uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai aka yarda ya ɗauka, banda tarar jinkiri, kuma ba ruwansa da asusun matarka ko ƙaninka in ba sunanka a ciki. In an zarce ko an cire maka ba ka ci ba, rubuta wa bankinka, in sun yi shiru ka kai ƙara sashen kare masu hulɗa na CBN.

Abin da ke min ciwo, da yawa a kafe aka cike musu fom, ejan ya yanki kasonsa ya ce kuɗin gwamnati ne ku ci. Yau mai shayi ake bi cikakken kuɗin da rabi ya shiga hannunsa, shi ejan ko tambayarsa ba a yi ba.