Izinin ɗa'a a binciken kafofin sada zumunta tsakanin ɗalibai

Izinin ɗa'a takarda ce da kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ko na asibitin koyarwa ke bai wa mai bincike kafin ya fara tattara bayanai daga mutane. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku da zai nazarci yadda ɗalibai ke amfani da Facebook, WhatsApp, TikTok ko X yana buƙatarta ko da ba zai ɗebi jini ko ya ba da magani ba, domin saƙonni da hotunan da zai tara na iya tona asirin mutum ko su jawo masa hukuncin makaranta. Galibin kwamitoci ba sa ba da izini a kan aikin da aka riga aka kammala.

Asali

Daga fannin likitanci wannan ƙa'ida ta samo tushe. A 1947, a shari'ar likitocin Nazi a birnin Nuremberg na Jamus, aka fitar da sharuɗɗa goma, na farkonsu shi ne yardar mutum da son ransa. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki a 1964, gyaran da aka yi mata a 1975 kuma ya kawo sharaɗin wani kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin bincike. A Amurka, binciken Tuskegee ya bi baƙaƙen fata kusan 600 daga 1932 zuwa 1972 don nazarin ciwon tunjere, aka hana masu cutar penisilin bayan an san yana warkarwa. Fallasar wannan ta haifar da dokar bincike ta 1974 da Rahoton Belmont, wanda ya tsayar da ginshiƙai uku: mutunta ɗan Adam, kyautata masa, da adalci.

A Nijeriya, gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ne ya fi tayar da batun. Yara 11 sun rasu. Iyalai sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. An sasanta da gwamnatin Kano a 2009. An kafa kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa wajajen 2005, kundin ƙa'idojinsa ya fito a 2007.

Shigowar intanet

Misalin da ya fi kusa da binciken ɗalibai shi ne na wasu masana daga jami'o'in Harvard da UCLA. Tun daga 2006 suka riƙa kwasar bayanan Facebook na ɗalibai kusan 1,700 'yan aji ɗaya, suka haɗa su da bayanan ɗakunan kwana da makarantar ta ba su. Sun samu izinin kwamiti, amma ba su tambayi ɗaliban ba. A 2008 suka saki kashin farko bayan sun cire sunayen ɗaliban, ba su kuma faɗi sunan makarantar ba, suna ganin hakan ya wadatar. Cikin 'yan kwanaki aka gano cewa makarantar Harvard ce, saboda yawan 'yan ajin da sunayen kwasa-kwasan da ba a yin su sai a can. Daga nan gane mutum ba wuya, tunda akwai ɗalibin da shi kaɗai ne ya fito daga ƙasarsa a duk ajin. Wani abin damuwa kuma shi ne mataimakan da suka kwaso bayanan 'yan makarantar ne, don haka suna iya ganin shafukan da aka rufe wa mutanen waje. An janye bayanan daga baya.

A Janairun 2012 Facebook ya sauya abin da mutane 689,003 ke gani a shafukansu na tsawon mako guda don auna tasirinsa ga yanayin zuciyarsu. Da sakamakon ya fito a 2014 an yi ca a kai, domin babu wanda aka sanar.

Tsara aikin

Ana farawa da taƙaita tambayar bincike. "Tasirin kafofin sada zumunta ga ɗalibai" ta yi faɗi. "Alaƙar amfani da TikTok da daddare da yawan barcin ɗaliban shekarar farko" tana aunuwa. Wajen yawan waɗanda za a tambaya, an saba amfani da lissafin Yamane na 1967: a jami'a mai ɗalibai 20,000, da kuskuren kashi 5 cikin 100, yana ba da mutum 392. Akan ƙara kashi 10 saboda takardun da ba za su dawo ba. Lissafin yana aiki ne idan an zaɓi mutane ta hanyar ƙuri'a. Tura fom zauren WhatsApp na aji ba ƙuri'a ba ce, masu yawan riƙe waya ne za su fi amsawa.

Ƙiyasin da mutum ke yi na sa'o'in da ya ɓata a waya bai cika dacewa da abin da wayar ta rubuta ba. Shi ya sa wasu ke neman hoton shafin Digital Wellbeing ko Screen Time, wato sashen wayar da ke nuna lokacin da aka ɓata a kowace manhaja. Sai dai hoton kan nuna dukkan manhajojin da ke wayar, har da na caca ko na neman aure, don haka a nemi lambobin da ake buƙata kawai.

Abin da kwamiti ke dubawa

Ana miƙa ƙudurin bincike da sa hannun malami mai duba aiki, da takardar tambayoyi, da takardar bayani, da ta amincewa, da tsarin ajiye bayanai. Idan za a yi hira da Hausa, a haɗa da fassarar takardun. Yana da kyau a ware watanni biyu zuwa uku, domin sau da yawa ana dawo da takardu a yi gyara.

Ga abubuwa uku da kan sa a dawo da su. Na farko, malami ya raba tambayoyi ga ɗaliban da yake koyarwa: ɗalibi ba zai iya ce wa mai ba shi maki a'a ba, don haka wani daban ya kamata ya raba ya karɓa. Na biyu, ɗaliban da ba su kai 18 ba, waɗanda akan samu a shekarar farko. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta buƙaci yardar iyaye ko waliyyi a kansu. Na uku, kawo kalaman mutum yadda ya rubuta su, domin wanda ya kwafi jimlar ya bincika a intanet zai kai ga mai ita ko da an sauya masa suna. Maganin wannan shi ne a sake fasalin jimlar ko a nemi izinin mai ita.

Lambar rajista da lambar waya ana ajiye su daban da amsoshi, a fayil mai kalmar sirri, a kuma faɗi ranar da za a goge su. Idan tambayoyin sun taɓo cin zarafi ko damuwa, a sa adireshin sashen ba da shawara na makarantar.

Saɓani

Masana ba su daidaita ba kan ko rubutun da aka wallafa a fili yana buƙatar yardar mai shi. Jagorar Ƙungiyar Masu Binciken Intanet, da ta fito a 2002 aka sabunta a 2012 da 2019, ta ce a duba kowane lamari da irin sirrin da marubucin ke tsammani. A kan zauren WhatsApp da sai an saka mutum yake shiga kuwa, kwamiti na iya neman yardar kowane mamba, ba ta shugaban zaure kaɗai ba.