Waiwaye: Yadda Gadon Sarauta Ya Riƙa Cin 'Ya'yan Sarki a Daular Usmaniyya ta Turkiyya

A gidan sarautar Usmaniyawan Turkiyya babu wata doka tun asali da ta ce babban ɗa ne zai gaji ubansa. Sarki kan tura 'ya'yansa su riƙe larduna irin su Manisa, Amasya da Konya. Ranar da ya cika, wanda ya riga isa babban birni, ya kama baitulmali, sojoji suka yi masa mubaya'a, shi ne sarki. Saboda haka wazirai kan ɓoye rasuwar. Da Sultan Sulaiman ya rasu a fagen daga a Hangare a 1566, babban waziri Sokollu Mehmed Pasha ya rufe labarin makonni, ana ta fitar da umarni da sunan mamaci, har sai da ɗansa Salim ya hau gado.

To, sauran 'yan'uwan fa? Sultan Muhammad al-Fatih, wanda ya ci Kustantiniyya (Istanbul ta yau) a 1453, ya rubuta a kundin dokokinsa cewa wanda ya hau gado yana iya kashe 'yan'uwansa don zaman lafiyar daula. Ba a zubar da jinin gidan sarauta, sai dai a shaƙe su da igiya.

Abin da ya biyo bayan rasuwar al-Fatih a 1481 ya nuna abin da ake tsoro. Ɗansa Jem ya sha kashi a hannun yayansa Bayazid na Biyu, ya tsere wurin mayaƙan Kirista na tsibirin Rodos. Daga nan aka kai shi Faransa, a 1489 ya faɗa hannun Fafaroma. Kowace shekara Bayazid yana aika dubban tsabar zinariya don a ci gaba da tsare ƙanensa, kuma bai iya sakin jiki ya yaƙi Turai ba sai da Jem ya mutu a 1495. A ganina nan ne gizo ke saƙa: yarima mai rai a hannun abokan gaba makami ne.

Murad na Uku, wanda Mai Idris Alooma na Borno ya aika wa jakadu, ya sa an shaƙe ƙannensa 5 a 1574. Ɗansa Muhammad na Uku ya wuce gona da iri a 1595: gawa 19 aka fito da su daga fadar Topkapi, wasu ma ƙananan yara. Mutanen Istanbul sun girgiza.

Ahmad na Ɗaya ya hau a 1603 ya bar ƙanensa Mustafa da rai, kuma Mustafan ne ya gaje shi a 1617. Sannu a hankali sarauta ta koma ga mafi yawan shekaru a gidan. Bukukuwan naɗi suka ci gaba: mubaya'a a fada, rataya wa sabon sarki takobi a kusa da kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari, da raba wa dakarun Janisari, zaratan sojojin sarki, kuɗin hawan gado, wanda in ya yi jinkiri su tada bore.

Amma an daina tura yarimomi larduna, sai kulle a wani sashe na fada. Sulaiman na Biyu ya yi kusan shekara 40 a tsare kafin a fito da shi a naɗa shi a 1687, bai taɓa riƙe ko gari ɗaya ba.