Mene ne "tasirin bincike", kuma me lambar h take aunawa?

Idan ana gabatar da masanin kimiyya, sau da yawa za ka ji an ce bincikensa ya yi tasiri, har a kawo alƙaluma: an ambaci ayyukansa sau dubu kaza, lambarsa ta h ta kai kaza. A bakin malaman jami'a, tasiri yana nufin yawan lokutan da wasu masu bincike suka kafa hujja da maƙalar mutum a cikin nasu rubutun. Yawan majinyatan da suka warke ba ya shiga wannan lissafi.

Eugene Garfield, wani Ba'amurke, shi ya fara tattara ambaton nan bisa tsari, da kundin da ya fitar a 1964. Lambar h kuwa Jorge Hirsch ne ya kawo ta a 2005, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego. Lissafinta ba wuya. A ce mutum ya wallafa maƙaloli 40, guda 12 daga ciki an ambaci kowacce aƙalla sau 12, sauran kuma babu wadda aka ambata fiye da sau 12, to lambarsa 12 ce. Ko da ɗaya daga cikinsu an ambace ta sau 5,000, ɗaya tak take ƙarawa. Google Scholar da Scopus, rumbunan intanet da ke tattara maƙalolin bincike, duk suna fitar da lambar, sai dai ta Google Scholar ta fi yin sama, domin ta fi kwaso rubuce-rubuce iri-iri.

Fannin hoton ƙwaƙwalwa yana nuna yadda lambar ke tashi. A 1990 Seiji Ogawa ya nuna cewa na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, tana iya bambance jinin da ke ɗauke da iskar oksijin da wanda ya riga ya sauke ta. Tunda sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki yana jawo ƙarin jini, sai aka samu hanyar ganin inda aiki ke gudana ba tare da an buɗe ƙoƙon kai ba. Amma hotunan ba sa karantuwa sai da lissafi mai zurfi. Karl Friston na Landan ya ƙirƙiro manhajar SPM domin wannan aiki, kuma duk wanda ya yi amfani da ita sai ya ambace shi. A 2016 Semantic Scholar, wata manhajar neman maƙalolin bincike, ta sa shi a kan gaba cikin masanan ƙwaƙwalwa mafiya tasiri. Ya cancanta, babu ja. Sai dai a lura da dalilin: maƙerin da ya ƙera fartanya, duk manomin da ya shiga gona da aikinsa yake noma.

Farfaɗo da jijiya wani lamari ne daban, kuma shi ya fi taɓa min zuciya. Jijiyar saƙo ta hannu ko ƙafa idan ta yanke tana iya tohowa, kimanin milimita 1 a rana. Laka kuwa, wato babbar jijiyar da ke cikin ƙashin baya, idan ta yanke ba ta haɗuwa, mutum ya rasa amfanin ƙafafunsa har ƙarshen rayuwa. An daɗe ana ganin ƙwayoyin laka da na ƙwaƙwalwa ne ba su da ikon tohowa. A 1981 Samuel David da Albert Aguayo na Jami'ar McGill a Kanada suka ɗauko guntun jijiyar gaɓa suka dasa a lakar ɓeraye kamar gada, sai zaruruwan laka suka toho suka bi ta cikinta. Ashe ikon yana nan, muhallin ne ke tauye shi. A 1988 Martin Schwab da Pico Caroni a Zurich suka gano sunadaran da ke hana tohowar a cikin kitsen da ke lulluɓe da jijiya, wanda daga baya aka sa wa ɗayansu suna Nogo. Fiye da shekara 30 ke nan, kuma har yau babu maganin da likita zai rubuta ya haɗa lakar da ta yanke. Mai irin wannan bincike yakan shafe watanni yana jiran dabbar gwaji ta motsa ƙafa kafin ya samu abin rubutawa. Idan aka ajiye lambarsa kusa da ta mai ƙera manhaja, aka ce wannan ya fi wancan, an zalunce shi.

Akwai sauran giɓi. Lambar ba ta san bambancin ambaton yabo da na ƙaryatawa ba. Mutum yana iya yawan ambaton kansa. Ba ta taɓa sauka, don haka dattijon da ya daina aiki yakan fi matashin da ke tashe. A 2012 wasu masana da editocin mujallu suka haɗu a San Francisco suka tsara sanarwar DORA, wadda ta nemi jami'o'i da masu ba da kuɗin bincike su duba abin da maƙala ta ƙunsa maimakon martabar mujallar da ta buga ta. Shi kansa Hirsch, tun a maƙalarsa ta 2005, ya yi gargaɗin cewa lambar ta bambanta daga fanni zuwa fanni, kuma kada a yanke wa mai bincike hukunci da ita kaɗai.