Japa

Japa ibada ce a addinin Hindu wadda ta ƙunshi maimaita sunan abin bauta, ko wata gajeriyar addu'a mai tsarki da ake kira mantra, sau da yawa a jere, da murya ko da raɗa ko a zuci kawai, galibi ana ƙirgawa da carbi. Kalmar daga harshen Sanskirit take, kuma tushenta yana nufin furta magana ƙasa-ƙasa. Masu yin ta suna ɗaukar ta hanyar da mutum zai riƙa tuna Ubangiji har tunawar ta zame masa jiki, daga nan kuma ya gane tushen da ransa ya fito. A yankuna da dama na Indiya ana kiran aikin namasmarana, wato tuna suna. Mabiya Vishnu da mabiya Shiva, manyan abubuwan bautar Hindu biyu, da masu bautar Devi, abar bauta mace, duk suna yin ta, kowa da lafazin da ya gada, kuma akwai makamanciyarta a addinan Buddha da Jain da Sikh.

Asali a tsofaffin litattafai

Al'adar ta faro ne tun zamanin litattafan Veda, waɗanda mafi tsufansu, Rigveda, ake kyautata zaton an tsara baitocinsa tsakanin 1500 da 1200 kafin Miladiyya, ko da yake masana ba su haɗu a kan takamaiman lokaci ba. Ginshiƙin ibada a wancan zamani shi ne hadayar wuta, wadda malaman Brahmin, ajin da ya gaji jagorancin ibada, suke jagoranta, ana zuba man shanu da hatsi a wuta ana karanta baitoci. Wasu baitocin da ƙarfi ake rera su, wasu kuwa ƙasa-ƙasa ake furta su, kuma wannan nau'i na biyu shi aka fara kira japa. Baitin da ya fi kowanne shahara shi ne Gayatri, wanda yake cikin littafi na 3 na Rigveda, roƙo ne ga Savitar, abin bautar da ake dangantawa da rana, cewa ya zaburar da tunanin masu karantawa. Ana koya wa yaro shi ranar da aka rataya masa zare mai tsarki a bikin upanayana, ya riƙa maimaita shi da asuba da tsakar rana da almuru.

Babban sauyi ya zo ne lokacin da japa ta tashi daga zama wani ɓangare na hadaya ta koma hadaya mai zaman kanta. Littafin dokoki na Manusmriti, wanda ake jin an kammala shi wajajen farkon ƙarnonin Miladiyya, ya ce hadayar japa ta ninka hadayar wuta sau 10 a daraja, idan da raɗa aka yi ta ninka sau 100, idan kuwa a zuci ne sau 1,000. A babi na 10 na Bhagavad Gita, inda abin bauta Kirishna yake lissafa wa jarumi Arjuna abubuwan da girmansa ya fi bayyana a cikinsu, ya ce a cikin hadayu shi ne hadayar japa. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin hadayar wuta tana bukatar dukiya da malami da wuri na musamman, ambato kuwa harshe da zuciya kaɗai yake bukata.

Babi na 8 na Bhagavad Gita ne ya bayar da dalilin yawan maimaitawar. A can aka ce duk abin da mutum yake tunawa a lokacin fitar rai shi zai tarar, saboda haka Kirishna ya umarci Arjuna ya riƙa tuna shi a kowane lokaci, ba tare da ya ajiye aikin da ke gabansa ba. Malaman da suka yi sharhi sun fahimci cewa mutum ba ya zaɓen tunaninsa na ƙarshe, abin da ya saba da shi tsawon rayuwa ne yake zuwa masa. Har yau a arewacin Indiya masu ɗauke da gawa zuwa wurin ƙonawa suna tafe suna faɗin cewa sunan Rama, ɗaya daga siffofin da suke cewa Vishnu ya bayyana a cikinsu, gaskiya ne.

Yoga Sutra na Patanjali ya taƙaita maganar a gajerun jumloli uku cikin babinsa na farko: sautin Om shi ne yake nuni ga Ubangiji, a maimaita shi tare da tunanin ma'anarsa, sakamakon kuwa shi ne hankali ya juya ciki, cikas kuma ya kau.

Zamanin bhakti

Japa ta zama ibadar talakawa ne ta hanyar bhakti, wato tafarkin ƙaunar Ubangiji da miƙa wuya gare Shi. Tafarkin ya fara ƙarfi a ƙasar Tamil, kudancin Indiya, tsakanin ƙarni na 6 da na 9, a bakin mawaƙan Alvar su 12 masu yabon Vishnu da Nayanar su 63 masu yabon Shiva. Da harshen jama'a suka yi waƙoƙinsu, ba da Sanskirit ba, kuma a cikinsu akwai mata da mutanen ƙasan tsarin aji, wato rabe-raben jama'a da ake gada ta haihuwa.

Littafin Bhagavata Purana, wanda masana da yawa suke ganin an rubuta shi a kudu wajen ƙarni na 9 ko na 10, shi ya ba tafarkin hujjojinsa. A cikinsa yaro Prahlada ya lissafa hanyoyi 9 na bauta, ya fara da sauraron labarin Vishnu, sai rera yabonsa, sai tuna shi. A cikinsa ne kuma labarin Ajamila yake, wani Brahmin da ya lalace ya ƙare rayuwarsa cikin saɓo, amma da mutuwa ta zo sai ya ƙwalla wa autansa kira, yaron kuwa sunansa Narayana, ɗaya daga sunayen Vishnu. Manzannin Vishnu suka zo suka hana na Yama, sarkin mutuwa, tafiya da shi. Labarin ya zama madogarar masu cewa sunan yana da ƙarfi a karan kansa ko da mai furtawa bai yi niyya ba. Ƙarshen littafin ya ƙara da cewa a zamanin Kali, wato zamanin lalacewa da ake ciki yanzu bisa lissafinsu, abin da mutanen da suke samu ta dogon tunani ko hadaya ana samun sa ta rera sunan kawai.

Akwai wani labari da mabiya Ramanuja suke bayarwa, malamin da al'ada ta ce ya rayu daga 1017 zuwa 1137. Malaminsa ya ba shi wata mantra a asirce, ya gargaɗe shi cewa azaba za ta hau kansa idan ya bayyana ta, shi kuwa ya hau hasumiyar wurin bauta a Tirukkoshtiyur ya sanar da ita ga jama'a, yana mai cewa ya yarda ya halaka in dai su za su tsira. Ko labarin ya faru haka ko bai faru ba, ya nuna inda tafarkin ya dosa.

A Maharashtra ƙungiyar Varkari ta ɗora addininta kusan gaba ɗaya a kan ambaton suna. Manyanta sun haɗa da Dnyaneshwar na ƙarshen ƙarni na 13, da Namdev wanda tela ne, da Janabai wadda baiwa ce a gidansa, da Cokhamela wanda ya fito daga waɗanda ake ƙyamar taɓawa, sai Eknath a ƙarni na 16 da Tukaram a na 17. Mabiyansu suna rataya carbin itacen tulasi a wuya, suna barin cin nama, kuma duk shekara da damina suna tattaki na wajen mako uku daga garuruwan Alandi da Dehu zuwa Pandharpur, inda ɗakin bautar Vithoba, abin bautarsu, yake, suna tafe suna rera sunaye. A arewa, Kabir masaƙin Varanasi da Ravidas mai sana'ar fata sun yi wa'azin sunan Rama, ko da yake Kabir yana nufin Ubangiji marar siffa ne. Tulsidas, wanda ya fara rubuta Ramcaritmanas a 1574 da harshen Awadhi, ya kai ga cewa sunan Rama ya fi Rama kansa girma, domin Rama a rayuwarsa 'yan kaɗan ya ceta, sunansa kuwa ya ceci waɗanda ba su ƙirguwa.

A Bengal, Caitanya, wanda aka haifa a Navadvip a 1486, ya fito da ambaton daga ɗaka zuwa titi, jama'a suna rerawa tare da ganguna da ƙananan kuge, abin da ake kira sankirtana. Lafazin da aka fi sani da shi shi ne na Hare Kirishna, mai sunaye 16. Almajirinsa Haridas, wanda aka haifa a gidan Musulmi, an ruwaito yana furta sunaye 300,000 kullum.

Yadda ake yi

Carbin japa, wanda ake kira mala, yana da ƙwayoyi 108, da wata babba guda da ake kira meru wadda ba ta shiga ƙirge. Bayanai kan dalilin wannan adadi suna da yawa, kuma babu wanda aka haɗu a kansa. Mabiya Vishnu sun fi amfani da itacen tulasi, mabiya Shiva kuwa da 'ya'yan itacen rudraksha. Da hannun dama ake ja, da babban yatsa da na tsakiya, a yawancin al'adu manuniya ba ta taɓa ƙwayoyin. Idan mai ja ya iso meru ba ya tsallake ta, sai ya juya carbin ya koma ta inda ya fito. Wasu suna saka hannu da carbin cikin 'yar jaka don kada ya taɓa ƙasa, kada kuma a gan shi.

Lokacin da aka fi so shi ne kimanin awa ɗaya da rabi kafin fitowar rana, bayan wanka, a zaune a wuri guda da aka saba. Galibi malami ne yake ba almajiri mantrarsa, ya raɗa masa a kunne a bikin da ake kira diksha. Daga cikin lafuzan da suka fi yaɗuwa akwai Om Namah Shivaya na mabiya Shiva, da Om Namo Narayanaya na mabiya Vishnu. Mai son zurfafawa yana ɗaukar alkawarin purashcarana, inda zai maimaita mantra sau 100,000 ga kowace gaɓa da ke cikinta, don haka Gayatri mai gaɓoɓi 24 tana cin maimaici miliyan 2 da dubu 400.

Akwai kuma japa ta rubutu, inda ake cika litattafai da sunan Rama.

Manufa

Duk makarantun sun yarda cewa ƙirge ba shi ne abin nema ba, amma sun rabu kan abin da ake ganewa a ƙarshe. A wurin Advaita, makarantar Shankara na wajen ƙarni na 8, ran mutum da Brahman, tushen komai, abu guda ne, jahilci ne ya rufe wannan gaskiya. Japa a nan tana wanke zuciya ne don ta iya karɓar sanin, sanin kuma shi ne yake 'yantarwa. Da wannan fahimta ake yin ajapa, inda ake sauraron numfashi a matsayin mai furta so'ham, ma'ana «ni ne Shi», sau 21,600 a yini da dare bisa ƙiyasin litattafan yoga. Ramana Maharshi, wanda ya rasu a 1950, ya koyar da cewa mai japa ya bi sautin da hankalinsa har zuwa inda yake ɓullowa a cikinsa.

Ramanuja bai yarda rai yana narkewa ya ɓace ba. A ganinsa rai ɓangare ne na Ubangiji mai dogaro da Shi, bauta kuma tunawa ce marar yankewa, wadda ya kwatanta da zubar mai daga wani mazubi zuwa wani. Madhva na ƙarni na 13 ya ce bambanci tsakanin rai da Vishnu na har abada ne. Mabiya Caitanya kuwa suna cewa sunan da mai sunan ba su rabuwa, don haka mai ambato ya riga ya kasance tare da Kirishna, abin da yake nema shi ne ƙauna, ba haɗewa ba.

Saɓani

An daɗe ana taƙaddama kan ko mata da mutanen ƙasan aji suna da izinin karanta Gayatri. Tsofaffin litattafan dokoki sun taƙaita ta, ƙungiyar Arya Samaj da aka kafa a 1875 ta buɗe ta ga kowa, wasu gidajen malamai kuma suna kan ra'ayin farko. Kabir ya yi wa masu jan carbi zuciyarsu na yawo ba'a, kuma litattafan mabiya Vishnu sun lissafa laifuka 10 ga sunan, ciki har da aikata saɓo bisa dogaron cewa ambato zai goge shi.

A zamanin nan

Mahatma Gandhi ya rubuta cewa mai renonsa ce ta koya masa ambaton Rama don maganin tsoro yana yaro, kuma an rubuta «He Ram», wato «Ya Rama», a wurin tunawa da shi na Raj Ghat a Delhi, ko da yake akwai saɓani kan ko waɗannan ne kalmominsa na ƙarshe a 1948. Ƙungiyar Hare Kirishna, wadda Bhaktivedanta Swami Prabhupada ya kafa a birnin New York na Amurka a 1966, ta wajabta wa almajiranta zagaye 16 na carbi kullum, wato maimaici 1,728. Wasu masu ibada a yau suna ƙirgawa da 'yar na'urar da ake saƙalawa a yatsa ko da manhajar waya.