Wai mene ne kwilin, kuma ta yaya takarda ke zama ɗan kunne?

Duk wanda ke yawan kallon bidiyon sana'ar hannu a YouTube ko Instagram ya taɓa cin karo da 'yan kunnen nan masu launi kala-kala, wasu kamar fure wasu kamar ganye, sai a ce maka wai da takarda aka yi su. To wannan aikin shi ake kira kwilin. Ma'anarsa a taƙaice a yanka takarda siri-siri dogo, a nannaɗe ta, a matsa ta da yatsu ta ba da siffar da ake so, sannan a haɗa ƙananan siffofin da gam su zama ado ɗaya.

Sunan daga kalmar Turanci ta gashin tsuntsu ya fito, irin wanda Turawan zamanin da ke fiƙewa su yi alƙalami, don an ce a jikin sandarsa ake naɗa takardar a da. Kuma aikin ba na jiya ba ne, mata da maza masu zaman ibada a coci-cocin Faransa da Italiya sun yi ta ƙawata bangon littafi da kayan ibada da shi, suna amfani da gefen takardun da aka shafa wa ruwan zinare, daga nesa sai ka rantse aikin maƙerin zinariya ne. A ƙarni na 18 kuma matan masu hali a Ingila suka rungume shi suna yi wa akwatunan ganyen shayi ado.

Abin da mutane suka fi tambaya shi ne, takarda fa? ba za ta yage ba? Nan ne sirrin yake. A kwilin takarda ba kwance take ba, a tsaye take kan gefenta, zagaye kan zagaye, shi ya sa naɗi mai ƙarfi idan ya bushe sai ki ji shi tauri kamar maɓallin riga. Faɗin da aka fi amfani da shi wajen ɗan kunne milimita 3 ne ko 5, mai milimita 10 ya yi kauri a kunne. Akwai ɗan ƙarfe mai tsaga a baki da ake saƙala bakin takardar a juya, in babu shi tsinke ma na yi, sai dai hannu zai ɗan sha wuya kafin ya saba. Idan kika naɗa kika manne nan take kin samu dunƙulallen naɗi. Idan kika sake shi ya ɗan warware kafin ki manne, shi ne sakakke, kuma daga sakakken nan komai ke fitowa, ki matse gefe ɗaya ya zama ɗigon ruwa, ki matse gefe biyu ya zama ido ko ganye. Dunƙulallen kuwa ana tura tsakiyarsa a hankali ya lotsa ya zama ɗan ƙoƙo, da shi masu sana'ar a Indiya ke yin ɗan kunnen da suke kira jumka.

Batun yin ɗan kunne daidai da kowane lokaci na shekara kuma, ai shi ne inda kwilin ya fi daɗi. Furanni idan tsirrai sun yi toho, ganye ja da ruwan ɗorawa idan bishiyoyi sun fara zubar da ganye, siffar ido shida farare a jera su zama ƙwayar dusar ƙanƙara ta lokacin sanyi, tauraro na lokacin biki. Ba shi da nauyi ko kaɗan, a wuni da shi kunne bai ja ba, lokacinsa ya wuce a ajiye a yi wani.

Amma gaskiya inda na fi ganin ana kwafsawa wuri biyu ne. Na farko gam, ana labta shi da yawa har ya bushe yana ƙyalli a jikin aikin, alhali ɗan ɗigo a bakin tsinke ya isa, kuma a yage ƙarshen takardar da hannu maimakon almakashi, mahaɗin ya fi ɓacewa. Na biyu rashin shafa abin kariya. Dole a bi shi da banish, wato man ƙyallin da ake shafa wa katako, ko jan farce marar launi, siriri, a bari ya bushe a sake, a shafa da sauƙi don in ya jiƙe sosai naɗin ciki na kumbura ya karkace. Ko da hakan ma zufa da yayyafi kaɗai zai iya jurewa, ba a wanka da shi.

Sannan tunda 'yan kunnen biyu ne, dole tsawon takardun ya zama ɗaya, girman naɗin ma a auna shi a allon awo mai ramuka masu girma daban-daban, in ba haka ba na dama ya fi na hagu kuma ido na gani. Ƙugiyar da za a rataya shi a nemi marar sinadarin nikel, don fatar wasu ba ta shiri da shi, kunne ya yi ta ƙaiƙayi. Ƙaramin zoben da ke haɗa ta da aikin kuma a jikin dunƙulallen naɗi ake zura shi, sakakke ba ya riƙewa.