Raƙuma, Alhaji Ali da gadar Landan: tambayoyi da amsoshi kan tarihin jihar Arizona

Arizona jiha ce a kudu maso yammacin Amurka, ita ce ta 48 wajen shiga tarayyar, ranar 14 ga Fabrairu, 1912. Galibinta ƙasa ce mai fari da duwatsu da zafin rana, kuma yawancin labaranta na ban mamaki daga nan suka samo asali: yadda mutum zai ratsa hamada, da inda zai samu ruwa.

Da gaske sojojin Amurka sun taɓa amfani da raƙuma a can?

Ƙwarai kuwa. A 1855 majalisar dokokin ƙasar ta ware dala 30,000 don sayo raƙuma, bisa matsin sakataren yaƙi Jefferson Davis. Jirgin ruwan soja ya zaga Tunisiya da Masar da Turkiyya, ya sauke raƙuma 34 a gaɓar Texas a 1856, ya sake kawo 41 a shekara ta gaba. A 1857 wani tsohon hafsan sojan ruwa mai suna Edward Beale ya ja wasu daga cikinsu ya ratsa arewacin Arizona yana shata hanyar amalanke har zuwa kogin Colorado. Beale ya yaba musu matuƙa. Mu da muka san raƙumi ba za mu yi mamaki ba: ya ɗauki kayan da alfadari ba zai iya ba, ya kwana da kwanaki bai sha ruwa ba, ya ci ƙayar da doki ba ya kallo.

To me ya hana abin ɗorewa?

Laifin ba na raƙuman ba ne. Dawaki da alfadarai da sun ji warinsu sai su firgita su watse, masu kora su kuma ba su iya ɗaura kaya a kan tozo ba, ba su da haƙurin koyo. Ana cikin haka Yaƙin Basasa ya ɓarke a 1861, Davis da ya kawo shawarar ya zama shugaban 'yan tawayen Kudu. Aka yi gwanjon raƙuman, wasu suka tafi wuraren haƙar ma'adinai, wasu aka sake su a daji.

Daga nan ne labarin "Jar Fatalwa" ya fito. Tun daga 1883 mutane ke ba da labarin wani ƙaton jan raƙumi da ke yawo da ƙwarangwal ɗin mutum ɗaure a bayansa, har aka ce ya tattake wata mata. A 1893 wani manomi ya harbe shi a gonarsa, aka ce an tarar da tsirkiyar ɗanyar fata ta ci jikinsa.

Wane ne "Hi Jolly" da ake ta ambata?

Wannan shi ne ya fi taɓa mini zuciya. Sunansa Hajji Ali, wato Alhaji Ali, ɗaya daga cikin masu raƙuma da aka ɗauko daga daular Usmaniyya don su koya wa sojoji aikin. Harshen sojojin ya kasa furta sunan, sai suka mayar da shi Hi Jolly. Da aikin ya mutu bai koma gida ba. Ya zauna yana dakon kaya da neman ma'adinai, har Allah ya yi masa rasuwa a 1902 a garin Quartzsite. A 1935 hukumar hanyoyin jihar ta gina masa dala ta duwatsun yankin a kan kabarinsa, da siffar raƙumi ta ƙarfe a ƙololuwarta. Baƙo ne da ya mutu nesa da danginsa, amma yau kabarinsa na cikin abubuwan da garin ke alfahari da su.

An ce Arizona ta taɓa jan daga da Kalifoniya. Kan me?

Kan ruwa. A 1934 aka fara gina madatsar Parker a kogin Colorado don kai ruwa kudancin Kalifoniya. Gwamna Benjamin Moeur ya ce ba a isa ba, ya tura dakarun jiha bakin kogin, wata 'yar majalisa mai suna Nellie Bush ta ba su aron jiragen fitonta. Jaridu suka laƙaba musu "rundunar ruwan Arizona". Ba a yi harbi ba, amma aiki ya tsaya. A 1935 Kotun Ƙoli ta ce majalisar tarayya ba ta ba da izinin ginin ba, majalisar ta bayar daga baya, aka gama a 1938. Wanda ya san darajar rijiya a lokacin rani zai gane zafin gwamnan.

Yaya gadar Landan ta zo hamada?

Tafkin Havasu da madatsar nan ta haifar, a bakinsa attajiri Robert McCulloch ya kafa sabon gari, yana neman abin da zai jawo mutane. A lokacin gadar Landan ta 1831 tana nitsewa a hankali cikin kogin Thames saboda nauyin motoci, sai ya saye ta a 1968 kan dala 2,460,000. Aka sa wa kowane dutse lamba, aka bi da su ta mashigin Panama zuwa Kalifoniya, manyan motoci suka ƙarasa da su. A busasshiyar ƙasa aka harhaɗa ta, sannan aka haƙa wa ruwa hanya ya bi ta ƙarƙashinta. An buɗe ta a 1971.

Akwai abin da ya rage na zamanin dabbobin dako?

A garin Oatman jakuna ne ke yawo a tsakiyar titi, jikokin waɗanda masu haƙar zinariya suka saki da aiki ya tsaya, suna leƙa ƙofar shaguna suna neman abin taunawa. Ƙauyen Supai na ƙabilar Havasupai kuwa, can cikin kwazazzabon Grand Canyon, mota ba ta zuwa. Tafiyar kusan kilomita 13 ce daga inda titi ya ƙare, kuma a bayan alfadarai ake kai musu wasiƙu.